'Yan tsakin kajin Arawukana da ke mutuwa a ɓawo

Malam, ka tambaya ko zafin Birnin Kebbi ne ke kashe maka 'yan tsakin Arawukana tun suna cikin ƙwai. Zafi na iya taɓa su, amma ni tukkun gashin nan da ke fitowa a gefen kunnen waɗannan kaji na fi zargi. Kazar asalinta ƙasar Chile ce, ba ta da wutsiya, ƙwanta shuɗi har cikin ɓawo. Idan zakara da kaza duk masu tukku ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan tsakin kan mutu a cikin ƙwai kafin kwana 21 na ƙyanƙyasa su cika, saboda sun gaji tukkun ta uwa da uba. Don haka ka haɗa mai tukku da marar tukku. Sannan ka tsare akurki, don in zakaran maƙwabta mai jinin jan ƙwai ya hau kajin, ƙwan 'ya'yan kore zai fito.