Amsa ga mai tambaya kan manhajar gyaran waƙa kafin a hau biki

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka fara aikin DJ a bukukuwa wajen Samaru, laftof ɗinka mai RAM 4GB ce, kuma duk sanda za ka fita daga wata waƙa ka shiga wata sai kiɗan ya yi karo, mata su tsaya cak a fili. Shi ne kake tambayar wace manhaja manya ke gyara waƙa da ita. Na daɗe ina wannan sana'a a Zariya, daga Sabon Gari har cikin birni, bari in faɗa maka yadda nake yi.

Manhajar da ake kunna waƙa da ita a fili daban, wadda ake yanka da ɗinki da ita a gida daban. VirtualDJ, Serato, rekordbox na Pioneer DJ da Traktor duk na fili ne. Na gida su ne irin su Audacity, FL Studio da Ableton Live. Da ƙarfin kwamfutarka, ka sauke Audacity. Kyauta ce tun fitowarta a 2000, ba ta cin RAM, kuma daga fitowar 3.4 a 2023 ta iya nuna waƙa bisa bugu da gaɓa, ba sakan kawai ba. Wannan ya ishe ka aikin shekara guda ba ka nemi wata ba.

Amma matsalarka ba ta manhaja ba ce, ta yadda aka gina waƙoƙinmu ce. Waƙar da Turawa ke yi don gidan rawa tana farawa da ganga zalla, tana ƙarewa da ita, saboda DJ ya sami wurin shiga da fita. Tamu ta Hausa kuwa, sai ka ji mai situdiyo ya fara kiran sunansa, fiyano ya biyo baya, mawaƙi ya yi sallama ya gaida iyayen gida, ganga ba ta sauka ba sai an ci rabin minti. Ka ɗora wannan a kan waƙar da ake tsaka da rawa, dole fili ya mutu. Maganinsa kai za ka gina mata shimfiɗa da hannunka.

Ga yadda ake yi. Nemi wurin da kiɗa ke tafiya babu murya, yawanci tsakanin amshi da baiti na biyu. Ƙirga da bakinka: ɗaya, biyu, uku, huɗu, gaɓa ɗaya ke nan. Yanko gaɓa biyu ko huɗu cif, daga kan bugun farko zuwa daf da bugun farko na gaba, ka jera su har su kai gaɓa 8, wato bugu 32, ka manna a goshin waƙar bayan ka cire surutun farko. Idan waƙar na tafiya a BPM 100, wato bugu 100 a minti ɗaya, shimfiɗar za ta ba ka sakan 19 da ɗoriya, isasshen lokacin da za ka rage bes ɗin ta farko ka ɗago ta biyu. Kafin ka yanka, danna Z a Audacity, za ta matsar da yankan zuwa inda igiyar sauti ta ratsa sifili. In ba ka yi haka ba, za ka ji wani ɗan "ƙas" a mahaɗar. A iyafis ba ya damun kowa, amma a manyan sifiku cikin hol kowa sai ya ji shi. Irin wannan shimfiɗar za ka gina a ƙarshen waƙar ma.

Wani gyaran da ba za ka gani a bidiyon koyarwa na YouTube ba shi ne na waƙar amarya. Ranar kamu ko dina, da ƙawaye suka shigo liƙi, waƙar minti huɗu ba ta isa, kuma mayar da ita farko yana kashe armashi. Ina ajiye kwafi biyu: ta asali, da doguwa wadda na ninka amshinta har ta kai minti takwas. Sannan waƙoƙin biki da yawa an yi su ne don wata amarya, da sunanta da na angonta da na danginsu a ciki. Ka saurari waƙar tun daga farko har ƙarshe a gida, ka cire baitin sunayen gaba ɗayansa daga gaɓa zuwa gaɓa. Babu abin da ke ɓata ran uwar amarya kamar ta ji ana kirarin wata a bikin 'yarta. Haka kalmomin batsa a waƙoƙin kudu da na waje: a Zariya iyaye na zaune a wurin, ka share su tun a gida.

Inda Audacity ke gazawa shi ne tsofaffin waƙoƙin kalangu da na gargajiya da aka ɗauka kai tsaye. Makaɗi mutum ne, yana ƙara sauri in wasa ya yi daɗi, don haka layin bugun da manhaja ta shimfiɗa zai dace a farko ya kauce a tsakiya. Da yawansu ma bugunsu uku-uku yake tafiya, manhaja sai ta ba ka BPM na ƙarya. Ableton Live, wadda ta fito daga Berlin a 2001, tana da Warp, inda kake kafa alama a kan kowane bugu ka ja shi ya hau layi. Tana aiki sosai, sai dai ni a ganina kada ka miƙar da waƙar duka, daɗin kalangu a wannan ja da sakin yake. Daidaita gaɓa 8 na farko da na ƙarshe, ka bar tsakiya yadda makaɗi ya buga.

FL Studio kuma ta masu haɗa kiɗa ce. In kana son ƙara ganga taka a ƙarƙashin waƙa, ita ce gwana, amma ka sani ta gwaji tana bari ka adana aiki, ba ta bari ka sake buɗe shi sai ka biya. Ka guji kwafin manhajar da ake zuba wa mutane a filasha, sau da yawa da ƙwayar cuta suke zuwa, kuma tsakiyar biki ne kwamfuta ke daskarewa.

Fasahar raba murya da kiɗa da VirtualDJ ta kawo a 2020, Serato ta biyo a 2022, tana son kwamfuta mai ƙarfi. Kada ka gwada ta a fili da taka.

Ka kula da asalin fayil. Waƙar da ta sha yawo daga waya zuwa waya a 128 kbps (ma'aunin ingancin sautin MP3) ba ta gyaruwa, ko ka fitar da ita a 320. Nemi mai kyau daga tushe, ka yi aikinka a WAV, fayil ɗin da ba a matse sautinsa ba, sai a ƙarshe ka mayar MP3 sau ɗaya. Kuma gyararriyar ta aikinka ce, kada ka buga sunanka a kai ka watsa a guruf, mawaƙin ya kashe kuɗinsa a situdiyo.

Fara da waƙoƙi goma da ka fi kunnawa. In ka gama ta farko, turo min ta akwatin saƙo a matsayin fayil, in saurari mahaɗar in gaya maka ko ta zauna.