Amsar Goggo kan man gashin Indiya, amosani da zubewar gashi

'Yata, saƙonki ya iso, kuma na ji daɗi da kika tambaya kafin ki kashe kuɗinki. Kin ce tun bayan haihuwa gashinki ke zuba, gaban kai ya fara ja baya, ga amosanin da ke damunki tun kina budurwa. Kin ce wata ƙawarki ta ba ki shawarar ki bar man kaɗanya da karkashi ki koma magungunan Ayurbeda na Indiyawa, kina so ki san ko al'adarsu ta fi tamu.

Ba zan raina musu ba. Ayurbeda tsohon ilimi ne, yana da littattafansa da makarantunsa, har gwamnatin Indiya ta kafa masa ma'aikata a 2014 tare da sauran magungunansu na gargajiya. A wurinsu jiki yana tafiya ne bisa abubuwa uku da suke kira bata, pitta da kafa, kuma zubewar gashi da furfurar wuri suna ɗora su a kan yawan zafin jiki, wato pitta. Shi ya sa suke tausa kai da man kwakwa ko na riɗi wanda aka dafa da wani ɗan itace mai tsami da ake kira amla, ko ganyen biringaraj, su wanke da garin shikakai. Uwa ce ke zaunar da 'yarta ta yi mata, kamar yadda muke zaman kitso.

Amma duba sauran kayan haɗin da ke jikin kwalabensu: hulba, lalle, darbejiya. Darbejiyar ƙofar gidanku asalinta daga can ne, zamanin Turawa aka kawo ta. Wanne ne a ciki ba ki da shi? Mu kuma muna da karkashi da ganyen magarya na wanke kai, da sabulun salo, da man kaɗanya. Matan Chadi suna da wani garin gyaran gashi da ake kira chebe, na Sudan suna da man karkar. Abin da man kwakwa ke yi na gaske shi ne hana gashi karyewa, kuma abin da chebe ke yi ke nan. Shi ya sa masu chebe a jelar gashi suke shafawa, ba a fatar kai ba. Gashin da bai karye ba zai yi tsawo. Amma daga tushe gashi yana fitowa ne kusan santimita 1 a wata, ko a Kano ko a Kerala ta Indiya, kuma duk mai gaya miki wani mai zai ninka wannan, cinikinsa yake yi.

Ke dai abubuwa uku kika haɗa a waje ɗaya, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Zubewar bayan haihuwa ba ciwo ba ce. Lokacin da kike da ciki gashin da ya kamata ya zuba tsayawa ya yi, sai wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa ya zubo gaba ɗaya. Yawanci kafin yaro ya shekara ya dawo da kansa. A nan ne masu sayar da mai ke cin suna, domin duk abin da kika shafa a watannin nan shi za ki gode wa. Idan shekara ta wuce yana ci gaba, ko kina jin jiri da kasala, ki je a auna jininki, a duba maƙogwaronki kuma, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo duka suna zubar da gashi. Ki ci hanta, wake, zogale, ƙwai.

Gaban kai kuwa, a nan zan daɗe, domin wannan laifin al'adarmu ne ba na jego ba. Ƙananan kitso da ake ja har fatar goshi ta tashi, a kwana ba a iya ɗora kai a matashi, a ce wai haka zai daɗe. A ƙara da gashin doki mai nauyi, a ƙara da man miƙar da gashi, sannan a ɗaure ɗankwali tam a daidai wurin. Na ga mata da yawa da suka rasa gaban kansu haka tun ba su kai shekara talatin ba. Idan aka sassauta da wuri gashin yana dawowa. Idan aka yi shekaru ana ja, tushen yana mutuwa, wurin ya yi sumul yana ƙyalli, kuma daga nan babu amla babu chebe da zai tsiro da shi.  Ki yi manyan kitso sakwa-sakwa, ki ce wa makitsiya ta bar ƙananan gashin goshi. In kin ji zafi ko kin ga ƙuraje a layin kitso, ki tsefe ranar. Kuma don Allah kar a fara yi wa jaririyar nan da wuri.

Amosani shi ma akwai inda mu da Indiyawa muka yi kuskure tare, wato lafta mai a fatar kai. Muna ganin farin gari sai mu ce bushewa ce. Alhali wani ƙwayar cuta ne dangin naman gwari da ke zaune a fatar kowa, kuma maiƙo ne abincinsa. Ki lafta mai, ki bar kitso wata guda ba wanki, ki rufe kai da danshi, kin gama yi masa gata. Ki riƙa wanke kai duk mako, ki bari ya bushe sarai kafin ki ɗaura ɗankwali. Ruwan dafaffen ganyen darbejiya yana rage ƙaiƙayi, ban hana ki ba. Amma naki da ya yi shekaru, ki nemi sabulun ruwa mai ketoconazole a kemis, ki bar kumfar ta yi minti 5 kafin ki ɗauraye. Yana lafawa ya dawo, haka yake, sai a maimaita. In kuma kin ga wani waje ya gwaigwaye zagaye, musamman a kan yara, wannan makero ne, maganin sha yake so daga asibiti.

Abin da na hana ki kai tsaye shi ne na sha, ƙwayoyi da garin da ake cewa suna tsiro da gashi daga ciki. Wani reshe na Ayurbeda da gangan yake sa ƙarafa a magani. A wani bincike da aka wallafa a 2004, an gwada irin waɗannan magunguna da ake sayarwa a Boston ta Amurka, aka samu kusan ɗaya cikin biyar yana ɗauke da dalma ko zaiba ko gubar arsenik. Kin san abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010, kuma ke shayarwa kike yi. Man darbejiya ma ki ajiye shi nesa da yara, shan sa haɗari ne gare su. Baƙin lallen nan na kwali mai kamawa nan take, sinadarin rini ne a ciki, yana kumbura fatar wasu. Jan lalle namu na gida ya ishe ki.

In kina sha'awar man amla ki saya ƙaramar kwalba mai lambar NAFDAC, ki gwada a bayan kunne ki kwana, in bai yi ƙaiƙayi ba ki shafa a jelar gashi kaɗai. Zan aiko miki da karkashi da hulba ranar da ƙaninki zai zo. Ki gaishe da mai gidan, ki shafa min kan takwarata.