Tambaya da Amsa: Zan bar kambas ɗina da suturata a ɗakin ajiya na haya har shekara biyu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbin karatu a Malesiya, zan tashi a watan Satumba, kuma ba na jin zan leƙo gida kafin shekara biyu. Gidan da nake haya a Abuja zan sake shi. Damuwata kayana ne. Ina da kambas ƙafa 14 da na daɗe ina tarawa, ciki har da Air Jordan 1, Jordan 4 guda biyu da ban taɓa sawa ba, Air Max 90 da Yeezy 350. Akwai kwat uku na ulu, ɗinkakkun shaddoji Getzner, manyan riguna biyu masu aikin hannu, da jakar fata ta maiɗakina. Na samu wuri biyu: kwantena a wani fili, mai araha, da ɗakin ajiya a cikin gini mai na'urar sanyaya ɗaki, kuɗinsa ninki biyu. Wani abokina ya ce kada in ɓata kuɗi, in naɗe kowane takalmi da ledar naɗe abinci, in zuƙe iskar tufafin a leda, in watsa kafur, ko shekara goma aka yi ba abin da zai same su. Wallahi abin ya hana ni barci, don wasunsu ba zan iya sake saye ba. Mene ne mafita? — Wani mai karatu daga Abuja

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka kama ɗakin da ke cikin gini, ka manta da kwantenar nan. Akwatin ƙarfe ne a tsakar rana, a watan Maris ko Afrilu zafin cikinsa kan wuce digiri 50, da dare kuma ƙarfen ya yi sanyi, gumi ya taru a rufin ya riƙa ɗiga a kan kaya. Gam ɗin takalmi ba ya jure wannan hawa da saukar. Mun gama da wannan.

Abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarka shi ne shawarar abokinka, domin ita ce nake karo da ita kusan kullum a wurin aiki. Mutum zai shigo da jaka, fuska a murtuke, ya zazzage takalmin da ya saya da tsada, tafinsa yana zuba kamar gari, ya ce ai bai taɓa sawa ba, a leda yake tun ranar da ya saya. Wai shaida yake kawowa cewa ya kula da shi, alhali ledar ce ta taimaka wurin kashe shi. Masu ɗora gajerun bidiyo a TikTok sun cika gari da wannan karatu, kowa ya samu fitila da waya ya zama malamin adana kaya, ba wanda ya tsaya ya tambayi me ake rufewa tare da takalmin.

Iska ake rufewa, tare da ruwan da take ɗauke da shi. Kai a Satumba za ka tashi, ke nan a Agusta za ka haɗa kaya, tsakiyar damina, lokacin da laimar iska a Abuja kan kai kashi 80 cikin ɗari ko ta wuce. Iska mai zafin digiri 30 tana iya riƙe ruwa wajen giram 30 a kowace mita ɗaya tsaye, kwance da faɗi. Idan ta sauko digiri 20, abin da za ta iya riƙewa bai wuce giram 17 ba. Ragowar ina zai je? A fili sai ya bi iska ya tafi. A cikin leda ba shi da hanyar fita, sai ya kwanta a jikin fata, a cikin soso, a bakin ɗinki. Gari ya waye zafi ya dawo ya sake tashi, dare ya yi ya sake kwanciya. Ka mayar da ledar madambaci, takalminka ne dambun. Shi kansa takalmin da tufafin suna ɗauke da nasu danshin tun kafin ka naɗe, ko da hannunka ya ji su a bushe.

Fumfuna tana fara samun gindin zama da zarar laima ta daɗe sama da kashi 65 zuwa 70. Wannan ɓarnar ido yana ganinta. Wadda ba a gani ita ce ta soson tsakiyar tafin takalmi. Jordan 4 ɗinka da Air Max 90 da ire-irensu, sosonsu na poliyuretan ne, kuma ruwan da ke cikin iska yana shiga ya riƙa tsinka sarƙar sinadarin da ta haɗa shi. A hankali yake yi, daga ciki, saman yana nan fes. Ranar da ka zura ƙafa ka taka, sai ya dare ya marmashe. Zafi yana hanzarta abin: ƙiyasin da masana sinadarai ke amfani da shi shi ne ƙarin digiri 10 kan kusan ninka saurin irin wannan lalacewa. Haɗa leda mai danshi da kwantena mai zafi ka ga abin da abokinka yake shirya maka.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa sabo a kwali ba ya tsufa. Agogon soson nan ya fara bugawa tun ranar da ya fito daga masana'anta, ba ranar da ka fara sawa ba. Kamfanonin takalman hawan dutse da na ma'aikata sun daɗe suna gargaɗin cewa wanda aka jibge ba a sawa ya kan riga na ƙafa marmashewa. Ba wata ajiya da za ta tsayar da wannan, rage masa gudu kawai ake yi. Jordan 1, wanda ya fara fitowa a 1985, ya fi sauƙin sha'ani domin tafinsa roba ce da aka ɗinke da saman, shi ya sa har yau ake samun tsofaffinsa a tsaye, yayin da Jordan 4 na 1989 da wuya ka ga wanda bai zube ba sai in an sake masa tafi. Yeezy ɗin kuma matsalarsa launi ce, farin sosonsa yana komawa ruwan ɗorawa da iska, haske da zafi.

Zancen launi ya kawo ni laifin leda na biyu. Yawancin ledojin naɗi, har da wadda masu wankin zamani ke rufo maka kwat da ita, ana saka musu wani sinadarin hana tsufa, BHT. Yana fita daga ledar ya sauka a kan yadi, in ya haɗu da hayaƙin janareta ko na mota da ke cikin iska sai ya bar rawayan tabo a kan farin kaya. Sau da yawa a daidai ninki ko wuya yake fitowa, mai kaya ya koma yana zagin mai wanki. Ledar mai wanki ta hanya ce, daga shago zuwa gida. Ka cire ta ranar da ka karɓo.

Na san za a ce min ai ana jefa 'yan ƙullin silika a ciki. Silika tana shan ruwa kamar kashi ɗaya bisa uku na nauyinta, daga nan ta ƙoshi. Ƙullin da ya zo cikin kwalin takalminka giram ɗaya ne ko biyu, kuma ya ƙoshi tun yana cikin jirgin ruwa. Gaskiya ne akwai masu tara takalma da ke rufe su ruf kuma su ci nasara, amma a ɗaki mai bushewa suke rufewa, da sabuwar silika da aka auna, da ma'aunin laima a ciki, suna kuma dawowa su duba su canza. Kai kana Kuala Lumpur, wa zai canza maka? In kuma ka zabga silikar da yawa ka ƙafar da iskar gaba ɗaya, fata ta bushe ta tsattsage, ga hunturu yana tafe da tasa bushewar. Abin da gidajen adana kayan tarihi ke nema shi ne laima tsakanin kashi 45 da 55, zafi wajen digiri 18 zuwa 22, ba hawa da sauka. Ba lallai ka samu haka daidai a Abuja ba, amma nan za ka dosa.

Ledar da ake zuƙe wa iska kuwa, ka bar ta wa bargo da zannuwan gado. Kwat yana da shafi da cikon kafaɗa da aka gina da tururi da guga, in ka matse shi shekara biyu ba zai koma yadda tela ya yi shi ba. Shadda za ta karye a layin ninki, ƙyallin ya dushe a wurin, aikin zaren babbar riga ya kwanta.

Sai kafur, kuma a nan ba zancen kaya kaɗai nake ba. Ba ya kashe asu sai tururinsa ya taru sosai a rufaffen wuri, 'yan ƙwayoyin da ake watsawa a kusurwa wari kawai suke bayarwa. In ya taru ɗin kuma, ya shige ulu da fata ya ƙi fita, wani nau'insa ma yana narkar da roba da maɓallai. Mafi muni, sinadarin naftalin da ke cikinsa yana fasa jajayen ƙwayoyin jini ga masu ƙarancin G6PD, larurar gado da ta yawaita a Najeriya, kuma jarirai sun sha kamuwa da shawara mai tsanani daga kayan da aka adana da kafur. Tarayyar Turai ta haramta sayar da shi a matsayin maganin asu tun 2008, mu a nan har gobe ana tallarsa a kan tire a bakin titi. Ka ce kana da iyali. Kada ya shiga kayanku.

To, abin da za ka yi. A wanke komai kafin ajiya, har wanda ka sa sau ɗaya ka ga kamar bai yi datti ba, domin gumi da turare da ba a gani yau su ne rawayan tabon baɗi, kuma su ke jawo asu zuwa ulu. Shaddojin a wanke, a bushe sarai, amma kada a sa musu sitaci. Sitaci abinci ne ga kyankyaso da ƙwaron nan mai launin azurfa da ake gani cikin tsofaffin littattafai. In ka dawo a sa a buge. Kwat a rataye a faffaɗan hanga na katako cikin rigar kwat ta auduga, ba hangar waya ba. Manyan riguna a ninke su sako-sako, nauyin aikinsu yana ja ya ɓata wuya in an rataye, a sa farar takarda marar asid a cikin ninkin, in ba ka samu ba tsohon farin zanen gado na auduga da aka wanke ya isa. Banda jarida, tawadarta tana kamawa. Duk wani rinin shuni a ware shi daga farin kaya. Jakar uwargida a cika cikinta da yadi don kada ta lotsa, a naɗe sarƙarta daban, a sa ta a jakar auduga.

Takalman a goge, a bar su kwana biyu ko uku a ɗaki mai na'urar sanyaya su sha iska, a sassauta igiya, a cusa takarda marar asid a ciki. A cire takardar da ta zo cikin kwali, musamman mai rubutu. Kowanne a akwatin roba mai 'yan ƙofofin iska, da ƙullin sabuwar silika mai canza launi a gefe, ba ta taɓa fata ba. Kwalayen asali suna ƙara wa takalmi daraja in za a sayar, saboda haka ka adana su, amma ka tuna kwali yana shan danshi kuma gara tana sonsa. Komai a ɗora a kan kanta ko dandamalin katako, aƙalla santimita 15 daga ƙasa, a kuma bar tazara daga bango.

Kafin ka biya kuɗin ɗakin, kada kalmar "mai sanyi" da ke jikin takardar talla ta wadatar da kai. Tambaye su awa nawa na'urar ke aiki a rana, me ke faruwa in an ɗauke wuta, ana kunna janareta da dare ko sai lokacin da ma'aikata ke ofis. Na'urar da ake kunnawa da safe a kashe da yamma ita ce hawa da saukar da muke gudu. Sayi ƙaramin ma'aunin laima mai nuna mafi sama da mafi ƙasa, ka roƙa ka bar shi a ɗakin mako guda, ka dawo ka karanta. In suka hana ka, ka nemi wani wurin. Karanta yarjejeniyar har ƙananan rubutun ƙasa, domin galibi a nan suke rubuta cewa fumfuna, ɓera da ruwa ba ruwansu, a nan kuma suke faɗin bayan wata nawa na rashin biya za su iya fasa ɗakin su sayar da kaya. Ɗauki hoton kowane abu da lambar da ke cikin harshen takalmi, ka adana rasit a wayarka, ka nemi inshora da ta ambaci kayan ɗaya bayan ɗaya da ƙimarsu.

Ka rubuta sunan wani amintacce cikin yarjejeniyar tun yanzu, da hannunka da nasa, in ba haka ba ranar da ya je za su tsare shi a ƙofa suna neman takardar izini daga wanda ke wata nahiya. Ya riƙa leƙawa duk wata uku, musamman Yuli zuwa Satumba, ya karanta ma'aunin, ya buɗe akwatunan su sha iska, ya canza silikar da ta sauya launi. Ana farfaɗo da ita a tanda a zafin digiri 120 na 'yan awoyi, ba sai an sayi sabuwa ba.

Jordan 4 ɗin nan biyu kuwa, duba kwanan watan da aka ƙera su, yana jikin tambarin da ke ciki. In sun haura shekara takwas zuwa goma, shawarata ka tafi da ɗaya ka riƙa sawa, ɗayan ka sayar tun sosonsa yana da ƙwari. In ka danna yatsa a gefen tafin ya bar rami, ko ka ji ya yi tauri kamar busasshen sabulu ba ya dawowa, ya riga ya fara, kuma kuɗin ɗakin ajiya ba zai dawo da shi ba.