Me ya sa tururi, ba ruwan zafi ba?

Ka ce tunda zafi ake so ya kai wa ɗanyen man fetur ɗin nan mai kauri da ke ƙarƙashin ƙasa, me zai hana mu tura ruwan zafi kawai mu huta da ɗawainiyar tukunyar tururi? To yaro, matso ka ji.

Man da muke nema daskare yake cikin yashi da dutse kamar kwalta, ko ka haƙa rijiya har kansa ba zai motsa ba sai ya ji wuta. Kilo ɗaya na ruwa, daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa, kilojul (ma'aunin yawan makamashi) kusan 420 yake ci. Kafin kuwa ya zama tururi sai ya ƙara shanye sama da 2,200. Wannan ƙarin ba ya nunawa a ma'aunin zafi. Ɓoye yake a jikin tururin, sai ya taɓa dutse mai sanyi ya koma ruwa, sannan ya sauke kayansa gaba ɗaya a inda muke so. Ruwan zafi kuwa tun a hanya yake hucewa.

Sai dai matsi na ƙaruwa, ɓoyayyen zafin nan na raguwa, a digiri 374 ma babu shi sam. Shi ya sa aikin bai cika karɓar rijiya mai zurfi sosai ba, don matsi na ƙaruwa da zurfi.

Na ga jiya kana ta kallon agogon tukunya, kana mamakin yadda muke tsayawa idan wajen kashi 80 cikin ɗari na ruwan ya zama tururi. Da gangan ne. Ragowar ruwan shi ke kwashe gishiri da dattin da ke ciki. Ka ƙafar da shi duka, gishirin ya manne a bututu ya yi ɓawo, wurin ya yi jajir, wata rana ya fashe.

Dabarar tura tururi, a rufe rijiya ta jiƙa, a buɗe a ɗebi mai, bisa tsautsayi aka gano ta a Venezuela a 1959. A Alberta ta Kanada kuma rijiya biyu ake shimfiɗawa a kwance, tazarar mita 5: ta sama na ba da tururi, man ya narke ya gangaro ta ƙasa.

Gobe idan za ka buɗe bawul, a hankali. Ƙarfe na miƙewa in ya ji zafi, kuma ruwan da ya kwana a bututu, tururi na iya cilla shi ya karya gwiwar bututun. Fara tsiyaye layin tukuna.