Filin Kawu: Na'ura ta iya zane, to in bar koyon surfani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan Marwa ne, shekarata 22, shekara uku kenan ina koyon surfani da zanen babbar riga a wajen maigidana. Satin da ya wuce wani alhaji ya zo shago ya buɗe waya ya nuna mana hoton riga mai aiki kala-kala, wai IA, wato na'ura mai kwaikwayon basirar ɗan Adam, ce ta zana mai cikin minti ɗaya, wai irinta yake so. Wallahi jikina ya yi sanyi, zanen da nake kwana biyu ina fama da shi. Abokaina sun ce in bar wahala in kama tuƙin moto tunda sana'ar hannu ta mutu. Dan Allah a ba ni shawara. Daga ɗanka a Marwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka ajiye allura tukuna, zauna mu yi magana.

Ba zan rufe ka ba, abin nan ya zo kuma zai ci wasu ayyuka. Tun da ChatGPT mai amsa tambaya a rubuce ya fito a watan Nuwamba 2022, da su Midjourney masu zana hoto a wannan shekarar, masu zanen talla da katin biki suka fara ji a jikinsu. Kai ma ka gani da idonka ai, allunan shaguna da a da ake kiran mai fenti ya hau tsani ya rubuta da buroshi, yanzu yawanci bugawa ake a leda a manna. Har a Amurka ma marubutan fim sun yi yajin aiki wajen wata biyar a 2023 kuma wannan na'urar na cikin abin da suka yi rigima a kai. To tsoronka ba na banza ba ne.

Amma ka san yadda take aiki? An tara mata hotuna ne miliyoyi daga intanet, kowanne da bayaninsa, ta bi ta haddace wane kala ke bin wane, wane layi ke zuwa bayan wane, in ka tambaye ta sai ta harhaɗo maka abin da ya yi kama da waɗanda ta gani. Shi ya sa nake so ka roƙi alhajin nan ya sake buɗe hoton, ka ja shi da yatsa biyu ya yi girma, ka duba wajen aljihu da wuya da kyau. Irin waɗannan hotunan na sha dubawa, sau da yawa za ka ga layi ya taso da kyau sai ya narke a tsakiya bai je ko'ina ba, aska ba aska ba tambari ba tambari ba, gefen dama bai san da na hagu ba. A waya abin sha'awa ne, amma allura ba ta bin layin da ba shi da ƙarshe. Dole sai wani ya zauna ya mai da shi zanen da zai ɗinku a kan shadda, kuma wannan wanin kai ne ko maigidanka.

Ka tuna yadda maigidanka yake yi in an kawo yadi. Ya shimfiɗa a cinya, ya shafa da tafin hannu ya ji nauyinsa, ya ɗaga ido ya kalli mai rigar, dogo ne ko gajere, ango ne ko dattijon da za a yi wa naɗi, sannan ya ɗau alƙalami ya fara ja daga aljihu. Aska biyu daban, aska takwas daban, ya san wanda za a yi wa kowanne ba sai an faɗa mai ba. Wannan ilimin ba a rubuce yake ba balle a ɗora a intanet na'ura ta haddace, a hannun tsofaffi yake, kuma in ku yara kuka watse zuwa moto shi kenan ya bi su kabari. Abin da ya fi damuna kenan wallahi, ya fi maganar kuɗin.

Kuma ba yau aka fara ba. Da kyamara ta fito a Faransa a 1839 masu zanen fuska da yawa sun rasa ciniki amma zane bai mutu ba. Mu nan da keken surfani ya shigo haka aka ce aikin hannu ya ƙare, to je kasuwar sana'ar hannu ta nan Marwa ka tambayi kuɗin rigar keke da ta hannu ka ji bambanci. Matan Gawi kusa da Njamena har yau suna gina tukwane suna yi wa bango zane alhali roba da fenti sun cika kasuwa. Mutum ba don sutura kaɗai yake sa rigar hannu ba, so yake a san wani ya ɓata wata guda a kansa.

Shawarata, karɓi aikin alhajin. Koyi taɓa abin a wayarka, ka mai da shi yaron shago, ya nuna wa mai riga kala kafin a yanka yadi, ya rubuta maka talla da Faransanci. Sannan ka sayi littafi ka riƙa kwafe duk zanen maigidanka da sunansa da wanda ake yi wa, tun yana da rai da ƙarfin ido. In kuɗi ya matse ka hau moto da yamma ba laifi, amma safiya ta allura ce.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. 'Yata za ta yi aure bayan sallah, ƙannenta sun ce ba sai an kira zabiya ba, akwai manhaja da za ta haɗa waƙa da sunan amarya da ango kyauta. Ya ka gani? Hajiya daga Njamena.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya sanya alheri ya ba su zaman lafiya. A bar yaran su haɗa tasu su sa a waya su yi rawa, ba komai. Amma ranar kamu ki kira zabiyar. Manhaja suna biyu aka ba ta kuma su za ta yi ta maimaitawa, ita kuwa zabiya ta san kakar amarya, ta san daga wane gari kakanninku suka taso da fatauci har suka zauna bakin Shari, tana ganin gwaggo ta shigo za ta juya baiti ta ɗauko kirarin gidansu har sai tsohuwa ta share hawaye ta kwance bakin zani ta yi liƙi. In kuɗin ne ya yi yawa ki aika mata tun yanzu ku daidaita, yawancinsu suna sassautawa in an zo da wuri da goro.