Ramukan harsashi sun warwatsu a takarda: laifin madubin saiti ne?

Tambaya: Na ɗaura wa bindigata sabon madubin saiti, na kai ta filin koyon harbi. Duk harbi ɗaya sai in murɗa majuyin daidaita madubin in bi ramin da harsashi ya yi a takarda, amma har harsashi ya ƙare ban dace ba. Ko madubin ne ba shi da kyau?

Amsa: Da wuya, Malam. Bin rami ɗaya ɗaya ɗin nan shi ya cinye maka harsashi, domin ko bindiga mai kyau ba ta zuba harsasai a rami guda.

Kafin komai, duba notocin da suka riƙe madubin. In ɗaya ya yi sako-sako, kowane harbi zai gusar da shi, murɗi kuma ba zai yi magani ba. Ɗaure su gwargwadon yadda kamfanin ya rubuta. Matsewa da yawa tana lotsa jikin madubin.

Fara daga mita 25, don harsashi ya samu takarda tukuna. Ɗora katakon gaba a kan buhun yashi, ban da bututun, don bututun da ya jingina da wani abu yana sauya inda harsashi zai faɗa. Ka yi harbi 3 kana saita wuri guda, biyar ma sun fi, ba tare da taɓa majuyi ba. Tsakiyar ramukan za ka auna.

Sai lissafi. Majuyin sama na hawa da sauka ne, na gefen dama na hagu da dama. In an rubuta 1/4 MOA a jikin majuyi (MOA da mil ma'aunan kusurwa ne), kowane ƙas ɗaya da ka ji in ka murɗa shi yana gusar da harsashi kimanin santimita 0.7 a mita 100; in 0.1 mil ne, santimita 1 cif. A ce a mita 100 ramukan sun taru santimita 7 ƙasa da inda ka saita: ƙas 10 wajen alamar U (wato sama) a madubin 1/4 MOA. A mita 25 kuwa sai ka ninka ƙas ɗin sau huɗu, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa, su ce majuyi ya lalace.

Bari bututu ya huce tsakanin zagaye, zafi yana warwatsa ramuka. In ka sauya nau'in harsashi ko nauyinsa, dole ka sake saiti. Kuma kada ka tafi wajen takarda sai ka sauke harsashi, ka bar bindiga a buɗe, jami'in fili ya ba da izini.