Me ya sa ake ba zuciya mai rauni maganin da ke rage mata gudu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina yana da shekara 61, kuma bayan an yi masa hoton zuciya likita ya ce tsokar zuciyarsa ta saki, ɗakin hagu ya buɗe, ba ya tura jini yadda ya kamata. Cikin magungunan da aka rubuta masa akwai bisoprolol, wanda na karanta a takardar cikin kwalinsa cewa yana rage bugun zuciya da ƙarfin matsawarta. Abin ya ɗaure mini kai: zuciyar da ta riga ta yi rauni, ta yaya za a ba ta abin da zai ƙara rage mata ƙarfi? Da yake na ji bincikenku a kan tsokar zuciya ne, ina neman bayani. Wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Wannan tunani naki shi ne tunanin likitoci da kansu har na tsawon shekaru, domin a da littattafan koyon likitanci sun hana a ba mai raunin zuciya irin wannan magani. Abin da ya sauya ra'ayinsu shi ne fahimtar yadda saƙo ke shiga cikin ƙwayar tsokar zuciya, kuma daga can zan faro.

Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a yini, kuma kowane bugu ɗaya aikin sinadarin kalsiyum ne. Sydney Ringer ne ya gano haka a Landan a 1883, ta hanyar wani kuskure: mataimakinsa ya haɗa ruwan gishirin da ake jiƙa zuciyar kwaɗo da ruwan famfo maimakon tataccen ruwa, sai zuciyar ta yi ta bugawa, da aka koma tataccen ruwa kuwa ta tsaya. Bambancin shi ne ɗan kalsiyum da ke cikin ruwan famfon. A ɗakin bincike yau muna ganin abin da idonmu. Idan aka ware ƙwaya ɗaya ta tsokar zuciya, aka sa mata rinin da ke haske in ya haɗu da kalsiyum, aka duba ta a madubin ƙara girma, za a ga wata 'yar doguwar aba mai zane-zane a jikinta. Da zarar an taɓa ta da lantarki sai haske ya mamaye ta, ta takure, hasken ya dushe, ta miƙe. A ɗiga mata adirenalin, sinadarin da jiki ke saki lokacin firgita, cikin ƙasa da minti ɗaya hasken ya ƙaru, takurewar ta yi ƙarfi, sakin ma ya yi sauri.

Abin lura shi ne adirenalin ɗin bai shiga cikin ƙwayar ba. Yana tsayawa ne a fatarta, ya maƙale a wani furotin mai karɓar saƙo da ake kira makarɓin beta. Makarɓin ya motsa wani furotin na ciki mai suna G, shi kuma ya tayar da wani da ke ƙera wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna cAMP, sannan cAMP ya kunna furotin da ke bi yana faɗaɗa kafofin shigar kalsiyum, yana kuma hanzarta famfon da ke mayar da shi rumbunsa na cikin ƙwayar bayan kowane bugu. Gano wannan sarƙa ya ci shekaru masu yawa: Earl Sutherland ya sami kyautar Nobel a 1971 saboda cAMP, Alfred Gilman da Martin Rodbell a 1994 saboda furotin G, Robert Lefkowitz da Brian Kobilka kuma a 2012 saboda bayyana yadda makarɓan kansu suke.

Wannan tsari an yi shi ne don bukata ta ɗan lokaci, kamar gudu ko firgita, bayan nan a huta. To amma idan tsokar ta yi rauni, jiki yana jin jini bai ishe shi ba, don haka sai jijiyoyi su dinga zuba wa zuciya noradirenalin, ɗan'uwan adirenalin, dare da rana, babu ƙaƙƙautawa. A makonnin farko hakan yana taimakawa, domin yana riƙe matsin jini daidai gwargwado. Idan aka ɗauki watanni da shekaru a haka, sai taimakon ya koma ɓarna. Ƙwayar da ake yi wa ihu kullum sai ta toshe kunnenta: tana janye makarɓan daga fatarta zuwa ciki, waɗanda suka rage kuma ta dakushe su. A 1982 Michael Bristow da abokan aikinsa sun auna zukatan da aka cire wa marasa lafiya lokacin dashen zuciya, suka tarar makarɓan beta sun ragu da kusan rabi. Ban da wannan, rumbun kalsiyum yakan fara yoyo, abin da ke rage ƙarfin bugu kuma yake iya rikita tsarinsa. Ƙwayoyi suna mutuwa, tabo yana maye gurbinsu, ɗakin zuciyar yana ƙara buɗewa. Mutuwar ƙwayoyin nan ce ta fi damuna, domin binciken da rukunin Jonas Frisén na Suwidin ya wallafa a 2009 ya nuna cewa kusan kashi 1 cikin 100 kawai na ƙwayoyin tsokar zuciya ke sabuntuwa a shekara ga ɗan shekara 25, ga ɗan shekara 75 kuwa bai kai rabin haka ba. Wadda ta mutu da wuya a mayar da ita.

An gwada hanyar da hankali ya fi saurin karɓa, wato ƙara wa zuciyar ƙarfi. Maganin milrinone yana hana cAMP rushewa, don haka bugu yana ƙaruwa, mara lafiya ma yana iya jin sauƙi da farko. Sai dai a wani gwaji da aka wallafa a 1991 a kan mutum fiye da 1,000, masu shan sa kullum sun fi masu shan ƙwayar da babu magani a ciki mutuwa da kashi 28 cikin 100. Yanzu ta jijiya ake ba da shi a asibiti, galibi na ɗan lokaci, ga wanda ciwo ya tsananta.

Akasin wannan hanya kuwa Finn Waagstein ne da abokan aikinsa suka fara bi a birnin Gotenbag na Suwidin a 1975, inda suka ba mutum bakwai masu irin ciwon Baba maganin toshe makarɓin beta, wato dangin maganin da bisoprolol ke ciki, suka ga sun samu sauƙi. An daɗe ana yi wa sakamakon kallon shakka, kuma ba laifi ba ne, tunda mutum bakwai ba su isa hujja ba. Hujjar ta zo ne a 1999, lokacin da manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya da bisoprolol a kan mutum 2,647, ɗaya da metoprolol a kan mutum 3,991, suka nuna raguwar mutuwa da kusan kashi 34 cikin 100. Maganin yana zama ne a kan makarɓin, ya tare saƙon da ya yi yawa. Da bugu ya ragu, zuciya tana samun lokacin cika da jini, ita kanta tsokar tana samun nata rabon jinin, domin tana sha ne galibi a lokacin da ta saki, kuma bukatarta ta iskar numfashi tana raguwa. A hankali sarrafa kalsiyum yana gyaruwa, ga mutane da yawa kuma ɗakin da ya buɗe yana tsukewa, yawan jinin da ake turawa a kowane bugu ya ƙaru.

Abin da kika karanta a takardar gaskiya ne: a kwanakin farko maganin yana rage ƙarfin matsawa. Shi ya sa ake farawa da ɗan kaɗan ƙwarai, ana ƙarawa bayan kamar mako biyu-biyu, kuma ba a fara shi ga wanda ruwa ya cika wa huhu sai an shawo kan ruwan. Baba zai iya jin kasala a farko, amfanin kuma yakan ɗauki wata uku ko fiye kafin ya bayyana a hoton zuciya. Kada ya daina sha kwatsam don ya ji nauyi a jiki, domin cire shi farat ɗaya yana iya sa zuciya ta zabura da gudu mai haɗari. Idan kuka ga jiri mai tsanani, ko suma, ko numfashi yana ƙara yin wuya, ko ƙafafu suna ƙara kumbura, ko nauyinsa ya ƙaru da kamar kilo biyu cikin kwana uku, a gaggauta komawa wurin likitansa.

Akwai kuma abu ɗaya da ya shafe ki ke da 'yan'uwanki. Wani kaso na wannan ciwo gado ne, kuma tun 2012 aka tabbatar cewa tawayar ƙwayar gadon da ke ƙera furotin mai suna "titin", wato ƙaton furotin da ke aiki kamar roba a cikin tsoka, ita ce sanadin gado da aka fi samu. Ki tambayi likitan ko ya gano abin da ya jawo wa Baba ciwon. Idan ba toshewar jijiyar zuciya ba ce ko hawan jini ko wani sanadi bayyananne, musamman in akwai wanda ya yi ciwon zuciya ko ya rasu kwatsam da ƙuruciya a dangi, ya dace 'ya'yansa da 'yan'uwansa na jini su ma a yi musu hoton zuciya da gwajin lantarkinta.